Harafin da Ba a Sa wa Ƙugiya Ba

Babana daga ƙarshe yake fara karanta littafi. Idan sabo ya shigo hannunsa, sai ya kifa shi kamar mai duba gindin tukunya kafin ya saya, ya buɗe shafukan baya inda marubuci ke jera littattafan da ya ɗebo magana daga cikinsu. Can zai yi zamansa, yana gyaɗa kai ko yana tsaki, shayinsa na hucewa a gefe. Sai ya ga da su wa marubucin yake hulɗa, sannan ya koma shafin farko ya ji abin da zai ce.

Malamin tarihi ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Ɗalibansa suka laƙaba masa Malam Wa-ya-ce, sunan kuma ya biyo shi har gida, domin ba ka isa ka kawo masa labari ya wuce haka nan ba. Sai ya tambaye ka wa ya ce. In ka faɗa, ya tambaye ka shi kuma a ina ya ji, yana wurin ko labari aka ba shi, kuma me zai samu idan aka yarda da shi. Mun sha wahalar wannan hali muna yara. Ko ƙara ka kawo cewa yayanka ya dake ka, sai ka yi da-na-sani, don kafin a gama neman shaidu wurin ya daina zafi. Mama ce kaɗai maganinsa. Wata rana ta leƙa ta ce masa abinci ya sauka, bai ɗago kai ba ya ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "Tukunya. Tashi ka je ka tambaye ta, tana wurin aka yi komai."

Akwai darasin da duk wanda ya bi ta ajinsa bai manta ba. Yakan fito da ɗalibai uku gaban allo, ya raɗa wa na farko magana, na farko ya gaya wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku. Sai kowannensu ya faɗi abin da ya sani, shi kuma ya tambayi aji shaidu nawa ke nan. Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Uku!" Sai ya girgiza kai ya ce ɗaya ne, sauran biyun aron baki suka yi. Haka littattafai suke, in ji shi. Za ka ga goma sun faɗi abu guda, ka ɗauka gaskiya ta tabbata, alhali ɗaya ne ya yi tari sauran suka amsa. Ƙananan rubutun nan na ƙasan shafi, inda marubuci ke nuna inda ya samo magana, sawu yake kiransu. Aikin mai karatu shi ne ya bi sawu har ya ga ƙafar da ta taka.

Ɗakin karatunsa da can sito ne, ƙarami, mai taga ɗaya da ke kallon famfon tsakar gida. Kullum akwai baho cike da ruwa a gindin famfon, kuma da hantsi rana kan faɗa cikinsa, hasken ya tsallako ta taga ya kwanta a silin yana rawa. Ina ƙarama nakan kwanta a kan tabarma kusa da ƙafarsa ina kallon wannan ruwa na sama, ina jin ƙarar shafi da ƙanshin tsohuwar takarda har barci ya ɗauke ni. Uwata yake kirana, wai don muryata irin ta mahaifiyarsa ce sak. Ita Kaka a ɗakin da ke manne da wannan take, bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ana jiyo keken ɗinkinta ta cikinsa.

A saman kanta, inda hannun yaro ba ya kaiwa, akwai littattafai uku da ya naɗe da leda. Dukansu tarihin garinmu ne, kuma a cikin kowanne akwai sakin layi guda game da mahaifinsa.

Kakanmu shi ne mai tsaron ƙofar madatsar ruwa da ke saman gari. A shekarar babbar ambaliya, lokacin Baba yana goye, ruwa ya cika madatsar har tana neman ɓallewa ta auka wa kasuwa da tsakiyar gari. Kakanmu ya buɗe ƙaramar ƙofa ta gefe, ruwa ya juya ya bi ta gangare. Gari ya tsira. Shi ba a ƙara ganinsa ba. Unguwar gangare kuwa, inda gidansu yake, ruwa ya shafe ta, ya kuma tafi da yayar Baba, yarinya ƙarama da ko hotonta babu. Littattafan ba su ambace ta ba. Labarin da muka tashi da shi dai shi ne mai tsaron ƙofa ya kare mutanen gari da ransa, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, da fitila a hannunsa.

Fitilar nan ita ce dukiyar babana. Yakan ce yana tuna ta. Idan ya lumshe ido da rana, sai ya ga wani dogon mutum can nesa a kan bango, ruwa na zagaye shi, haske rawaya yana lilo a hannunsa, bai juyo ba amma ya san ana kallonsa. In aka yi baƙi, sai ya sauko da littattafan ya karanta musu sakin layin, muryarsa na canzawa, ya rufe da cewa, "Marubuta uku, kowa da zamaninsa." A irin wannan lokaci Kaka takan miƙe ta ce bari ta dubo shanya. Ban taɓa jin ta sa baki a labarin ba. Abin da na sani kawai shi ne ba ta jure ƙarar famfo yana ɗiga. Ko tana tsakiyar ɗinki sai ta tashi ta je ta murɗe shi tam.

Kaka ta rasu na riga na yi aure, Allah ya jiƙanta. Ɗakinta ya koma ma'ajiyar katifu da akwatuna, keken ɗinkin yana lungu an rufa masa zane.

Daga baya idanun Baba suka fara dushewa. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, abin daga can ciki ne, sai dai a rage masa gudu. Ƙananan rubutu suka fara ɓace masa, wato sawun nan nasa, sannan manya suka bi. Ya sayi gilashin ƙara girman rubutu, ya yi ta fama da shi har ya haƙura. Sai ya zama idan na tashi daga aiki a kemis nakan biya ta gida in karanta masa. Karatu da babana kuwa aikin haƙuri ne. Ba ka gama layi biyu sai ya ce tsaya, duba ƙasa, wa ya ce. Ni ma da taurin kaina nakan ce masa mu bar mutumin ya gama maganarsa mana, ko a kotu ana barin mutum ya numfasa. Ya ce a kotu ana rantsar da mutum kafin ya buɗe baki.

Wata Asabar da hantsi ya ce in sauko da ɗaya daga cikin na saman kanta. Na karanta masa sakin layin. Yana kishingiɗe, fuskarsa na kallon silin, don hasken ruwan nan yana cikin 'yan abubuwan da yake iya gani har lokacin. Da na zo kan fitila sai ya yi murmushi. Ni kuma bakina da ba ya shawara da ni, cikin tsokana na ce, "To Baba, fitilar nan, wa ya ce?"

Murmushin ya tafi. Na yi tsammanin zai yi faɗa, ko ya ce ai shi ya gani. Fanka na juyawa a hankali, hasken na ta rawarsa a sama. Na ji kunya ta kama ni, na fara neman yadda zan janye maganar.

Can ya ce, "Kin san ban taɓa bin wannan sawun ba?"

Na ce ban sani ba, ko da yake a raina na daɗe da zargin haka.

Ya ce, "Na bi sawun sarakunan da ban haɗa komai da su ba. Na ƙaryata mutanen da suka fi ni karatu. Wannan kuwa kullum sai in ce gobe." Ya shafa idonsa da bayan hannu. "Goben ta kusa ƙarewa, Uwata. Sauko da sauran biyun."

A kan tabarma muka baje su. Na baya-bayan nan, mai kyakkyawan bango, shi ne mai fitila da ruwa har ƙugu. Ƙasan shafinsa ya tura mu ga na biyu. A na biyu akwai ruwa har ƙugu, amma babu fitila, na duba sama da ƙasa. Shi kuma ya tura mu ga na farko, tsoho mai takarda ja-ja. A can babu fitila, babu ƙugu, layi ɗaya ne tak: mai tsaron ƙofa ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya kare mutanen gari. Na duba shekarar da aka buga mai fitilar, sai na ga lokacin ni ma an haife ni.

Baba ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ya ce, "Ashe ina da gemu aka kunna min fitilar nan. Ni kuwa har warin kananzirinta nake ji." Ya ture littattafai biyu gefe. "Uku sun zama ɗaya. Shi na farkon fa, wa ya ce?"

Na kusantar da shafin ga taga. Sawun ya nuna wani kundin digiri da wani ɗalibi ya rubuta, ba a taɓa buga shi ba, yana ajiye a laburaren jami'a.

Da safiyar Litinin muka je. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa taro, ya riƙe gwiwar hannuna a kan matakala. Mai kula da sashen kundaye, wata mata mai furfura a goshi, tana ganinsa ta miƙe ta rusuna. Ashe tsohuwar ɗalibarsa ce.

Ta ce, "Malam, ranka ya daɗe, kai ne da kanka? An ce ka daina fita."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Ta fashe da dariya har ta dafa tebur, ta ce wallahi ko a mafarki ta ji wannan tambaya sai ta gyara zama.

Ta kai mu wani dogon ɗaki a can ciki, mai manyan tagogi a sama. Haske na saukowa a karkace, ƙura na yawo a cikinsa ba ta sauri, kuma babu motsin kowa sai wata tattabara da ke tafiya a kan rufi. Ta kawo kundin, baƙin bango, gefensa ya cinye. Da tafireta aka buga shi, kuma wannan kwafin kabon ne, haruffan sun yi shuɗi-shuɗi sun ɗan baje. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba.

A cikin babin ambaliya ɗalibin bai ce komai na kansa ba game da mai tsaron ƙofa, ya dai ce a duba hirarrakin da ya rataya a ƙarshe. Na juya can. Hira da wani ɗan kasuwa, hira da wani direba. Sai na ga kan wata hira, na tsaya cak a kanta.

Baba ya ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Hira da matar mai tsaron ƙofa, a shagon ɗinkinta."

Ya juyo da fuskarsa gare ni. Muka lissafa shekarar, ta zo daidai da lokacin da yake kwalejin horon malamai, nesa da gida. Kaka ba ta taɓa gaya masa wani ya zo ya yi mata tambayoyi ba. Ashe duk littattafan nan masu nauyi, da marubutansu masu digiri, a kan bakin tsohuwar da ke ɗinki a bayan bangonsa suke tsaye.

Hirar gajeruwa ce, don Kaka ko a takarda ba ta da yawan magana. Ɗalibin ya tambaye ta me za ta ce game da abin da mijinta ya yi. Na karanta amsarta a hankali: "Shi kaɗai ne a wurin. Ya buɗe ƙaramar ƙofa, ruwa ya juya. Ni ina kan rufin ɗaki da yaro a goye. Shi ya kare mu."

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce, "To alhamdu lillahi, Baba. Fitila ce kawai ƙari. Ita da bakinta ta ce ya kare ku."

Na ga daɗi ya taso masa a fuska, na kuma ga ya danne shi. Hali ba ya barin mutum ko a ranar da ya fi bukatar a bar shi. Ya ce, "Tsaya. Da kika ce ƙofa, a takardar akwai ƙugiya a kan harafin, ko ke kika sa da bakinki?"

Na duba. Kofa aka rubuta. Karamar kofa, rufin daki, shi kadai. Ni ce na gyara su ina karantawa ban ma lura ba, kamar yadda kowa ke yi.

Ya bayyana min cewa tafiretocin wancan zamani ba su da haruffanmu masu ƙugiya. Sai an gama bugawa mutum ya bi da biro yana sa wa kowanne tasa. Ya ce in koma farkon kundin. A can kuwa ga su nan, 'yan ƙugiyoyi da baƙin biro, an sa su da kulawa. Na yi ta juyawa. Wajen tsakiya suka fara ƙaranci, shafi ya samu shafi ya rasa, kafin a kai ga hirarraki sun ɓace gaba ɗaya. Ɗalibin ya gaji, ko lokaci ya ƙure masa.

Sai a lokacin na gane abin da Baba ya riga ni ganowa. Na sake kallon layin. Shi ya kare mu. Shi ya ƙare mu. Mutumin da ya juya ruwa ya bar gari, ya tura shi unguwar da matarsa da 'ya'yansa suke. Matar da ta sauko daga rufi da ɗa ɗaya, alhali biyu ta haifa. Kowace daga cikin kalmomin biyu za ta iya fitowa daga bakinta, kuma takardar ba ta nuna wadda ta fito ba.

Baba bai karaya nan take ba. Ya sa aka kira mai kula da sashen, ya shiga yi mata tambayoyi kamar yana aji. Ina ainihin kwafin farko, wanda wataƙila an gama sa masa ƙugiyoyi? Ta ce wannan kaɗai suke da shi, na farkon yakan koma hannun mai shi. Shi ɗalibin fa? Ya daɗe da rasuwa, ta san iyalinsa sun watse. An ɗauki hirar a kaset? Ta duba, kundin bai ambaci kaset ba, da hannu ya rubuta. Ya sa na karanta hirar ɗan kasuwa da ta direba, ko wani ya faɗi yadda Kaka ta ɗauki abin. Su kasuwarsu da motarsu kawai suka sani. Marubucin littafin farko ma wannan kwafin ya gani, ya zaɓi kalmar da ta yi masa daɗi, ya mai da "mu" ta zama mutanen gari.

Mai kula da sashen ta koma teburinta ta bar mu. Baba ya jawo kundin, ya ɗora gilashinsa a kan layin, na kama yatsansa na kai masa kan kalmar. Ya sunkuya har hancinsa na taɓa gilashin. Ban san me ya gani ba, wataƙila shuɗin tabo kawai. Ya shafa wurin da yatsa, ko biro ya taɓa sauka ya bar alama. Takardar sumul take.

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya ce, "Karanta min, Uwata. Duka biyun. Kada ki yi muryar karatu, ki faɗa yadda ake magana."

Na ce, "Shi ya kare mu."

Ya ci gaba da kasa kunne har bayan na gama.

Na ce, "Shi ya ƙare mu."

Kalmar ta fito daga maƙogwarona da wani nauyi da ban shirya masa ba, kuma ni kaina na ji muryar Kaka a ciki. Tsoro ya kama ni, tausayinsa ya rufe ni. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ɗaya, bai share ba.

Na ce, "Wanne ne, Baba? Kai ka san ta."

Ya ce, "Kunnena ya zaɓa. Amma kunnen nan ɗan gidan su idon da ya ga fitila ne, ba zan karɓi shaidarsa ba." Ya rufe kundin a hankali. "Shaida ɗaya ce, kuma ba mu san me ta ce ba. Haka za a rubuta."

Muka shiga mota. Ya jingina kansa da gilashi, bishiyoyi na wucewa ta fuskarsa. Da muka iso gida rana ta karkata, hasken silin ya riga ya tafi. Mama ta fito tana tambayar ko an dace, na yi mata alama da ido, ta koma kicin.

Na zaci ɗakin karatu zai shiga. Sai ya saki hannuna, ya bi bango da tafinsa, ya wuce ƙofarsa ya tsaya a ta gaba, ta ɗakin Kaka.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na shiga mota na je garuruwa neman takardun mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakana. Ita kuwa tana nan. Kullum da safe sai na gaishe ta, in tambaye ta ƙafa, in tambaye ta barci. Na tambayi duniya duka wa ya ce." Ya dafa ƙofar. "Tana wurin aka yi komai, Uwata."

Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali, yadda yake yi in ya zo gaisuwa, ya ɗan sunkuyar da kai yana jiran a amsa. A tsakar gida famfo na ɗiga cikin baho. Na je na murɗe shi.